Sunan Dangi, Waƙafi, Sunan Yanka

A Szeged, bakin kogin Tisza,
shagon mahaifina na ƙamshin garin barkono
har cikin maɓallan kwamfuta.
Ranar Talata ya tura wa direba adireshin Kálmán,
sai dai ba Kálmán ɗin ba ne.
Na gidan abinci yana can da tukunya a kan wuta,
mai gyaran famfo ya bugo waya yana ƙyalƙyala dariya:
buhu goma sha biyu, Tivadar,
in shafa wa bututu ne?

Da dare na ja kujera,
na buɗe ma'ajiyar sunaye ta imel.
Ɗari huɗu da bakwai,
kowa ya zauna inda dare ya riske shi.

Mu a nan sunan dangi ke shiga gaba,
sunan yanka ya bi sawu.
Haka aka kira mu a aji, haka ake sassaƙawa a dutsen kabari.
Ita kuwa na'urar, inda aka ƙera ta a juye suke yi.
Ta ɗauki Bognár Piroska
ta zaci Bognár ne sunan da uwarta ke kiranta da shi cin abinci.

Ga mutum ɗaya ya zama uku:
Csordás Dezső,
Dezső Csordás,
Dezső mai jinkirin biya.
Ga wata ba suna, matar Vienna mai kare kawai.
Ga sabo, ga sabo na biyu,
ga sabon gaske, wanda lambarsa ta mutu tun ina jami'a.

Na yagi takarda na rubuta da jan biro,
na manna a gefen allo:
sunan dangi, waƙafi, sunan yanka.
Sana'a tana da nata gurbin.
Inkiya ta koma ƙasa, wurin bayani.

Sai na fara, harafi bi harafi,
kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa.
Na haɗe ukun nan suka koma Dezső guda.
Na mayar wa Ö ɗigonsa biyu da aka sace masa.
Baba na tsaye a bayana, shayinsa ya huce.
Wannan ai ya rasu bara, na ce.
Bar shi, ina binsa kuɗi.
Wannan fa?
Ita ta ara mana mota ranar da aka haife ki.
Kowane layi sai ya tsaya ya ba ni labari,
har agogon coci ya buga ɗaya
muna kan harafin R.

Na koma sama in duba abin da na tsallake.
Can bisa kowa, kafin Ábrahám, kafin Antal:
Aaa Jolán.

Shi ya jera mata A uku
don in ya buɗe da safe ita ce farkon gani.
Shekara biyar ke nan akwatinta bai amsa wa kowa ba.
In na bi takardata,
za ta sauka tsakanin Halász mai kifi
da wani Hegedűs da ban sani ba,
ta jira sai an gangaro.

Kibiyar tana ƙyaftawa a kan sunan.
Ban juyo ba, na dai ji ya ajiye kofi a hankali.

Orsolya, dare ya yi, in ji shi.

Na danna na wuce zuwa S.

Da safe mai gyaran famfo ya dawo da kayan,
buhu goma sha ɗaya.
Ɗayan, ya ce, ladan dako ne.
Baba ya zauna ya sa tabarau, yatsa ɗaya yake bugawa,
yana leƙen takardata:
Lendvai, waƙafi, Kálmán.
A wurin bayani ya ƙara:
famfo, ba miya ba.