Lahadi a Dutsen Bayan Tamaske

Da asuba nakan riga kowa hawa
in karanta abin da dare ya rubuta a yashin ƙorama:
sawun bushiya, jan wutsiyar damo,
ƙafar zabon daji uku-uku kamar tsagen fuskar kakata.
Sawun barewa ɗaya tak.
Bara biyu ne.

Wannan dutse da hannu aka tufatar da shi.
Uwata Tsahara ta yi rani huɗu
tana ɗaukar duwatsu a ka, ladanta tiyar hatsi,
tana jera su don su tare ruwa.
Yau farar ƙaya ta fi ni tsawo,
bagaruwa ta yi 'ya'ya har ta ranƙwafa,
abin da ya gudu ya fara leƙowa.

Hantsi na yi, sai ga mutanen Tawa:
babura tara, mota ɗaya,
tabarmi, butar shayi, akwatin kiɗa mai tsawa.
Ba na korar kowa.
Wanda ya kwana shida cikin hayaƙin tasha
yana da haƙƙin inuwa.
Sai dai in ce: gawayi ku zo da naku,
reshen nan gidan wani ne.
Ku tsaya inda na shafa wa duwatsu farar ƙasa,
can gaba kurciya na kan ƙwai.

Wani yaro, Zabeiru, da danƙo a wuya,
ya ce nawa ne kuɗin ganin barewa?
Na ce shiru ne kuɗinta, kuma babu ragi.
Muka laɓe bayan geza
har ƙafarsa ta sage.
Ba ta fito ba.
Zomo kaɗai muka samu,
bakinsa na motsi kamar mai lazimi,
yaron ya manta da tsakuwar da ke tafinsa.

La'asar sakaliya suka sauka.
Na bi bayansu da buhu:
leda goma sha bakwai, gwangwanin madara,
takalmi wari guda,
da garwashi mai sauran rai
da na kashe da ruwan alwalata.
Sallar nan da taimama na yi ta.

A kan falalen da muka zauna
na tarar da danƙon a ajiye.
Ban sani ba ko mantuwa ce.
Na rataye shi a reshen aduwa
in ga wata Lahadi
ko zai dawo nemansa,
ko zai dawo hannu wofi, don ita.