Kunun Daren Kirsimeti a Oulu

Ƙarfe uku na rana duhu ya rufe Oulu
kamar an kife ƙwarya a kan fitila.
Na ja hular ulu har kunne,
na bi ƙanƙara tana kuka a ƙarƙashin takalmina,
ƙuruc, ƙuruc, har gidan tsofaffi.

Ni na karɓi aikin daren nan.
Tuulikki na da jikoki a Kemi,
Jarmo zai kunna kyandir a kabarin mahaifiyarsa.
Suka ce, "Ke ai ba bikinki ba ne."
Na ce haka ne. Ban gaya musu ba
nawa bikin ya zo ran wata Talata,
lokacin da ranar ƙasar nan ta ƙi faɗuwa,
ya same ni ina canza zanen gado a ɗaki na tara,
ya wuce bai ko zauna ba.

Ran nan Goggo Ladidi ta buɗe mini tukunya ta waya:
"Kin gani? Har da man shanu."
Na ga tururi, ban ji ƙamshi ba.
Yaran Yaya Sabi'u suka jeru, lalle a tafin hannu,
ƙaramar ta leƙo ta ce, "Wace ce wannan?"
Na yi ta dariya har layi ya yanke,
sannan na ci burodi a tsaye, da takalmi a ƙafa.

Yau kuwa falo ya sha ado,
an saro bishiya a daji an rataya mata taurari.
'Ya'ya sun zo sun kwashe iyayensu,
kujeru masu taya suna fita ɗaya bayan ɗaya.
Saura Aune.

Shekarunta tamanin da tara.
Tun hantsi ta sa jar rigarta, ta taje furfura,
ta zauna bakin taga da jaka a cinya.
Ɗanta yana Ostireliya, can yanzu zafi ake,
ya aiko kati mai hoton teku.
Ta san ba zai zo ba.
Jakar dai tana cinya.

Na kawo mana kunun shinkafa, kwano biyu,
da kirfa da sukari a kai.
Al'adarsu ce a jefa ƙwayar almon guda a tukunya,
wanda ya tsince ta, shekarar tasa ce.
Ta ce, a hankali don in gane,
"Naki mutanen fa, suna ina?"
Na nuna kudu, ta bayan inda ake ajiye motoci.
Ta daɗe tana kallon wajen
kamar za ta hango Goggo tana fifita wuta.

"Me kuke cewa ran bikinku?"
Na faɗa mata. Ta gwada, harshe ya turje:
"Parka ta Salla."
Wata shida bayan an kankare tukwane,
daga bakin da bai taɓa sanin yaji ba,
gaisuwata ta iso.
An ce baƙo raɓa ne,
ba wanda ya ce raɓa ma tana jin ƙishirwa.

Cokalina ya bugi wani abu.
Na jira ta juya wajen taga,
na zura almon ɗin a kwanonta.
Ta cinye kunun tas, ba ta ce komai ba.
Na cire mata takalmi, na ja mata bargo,
na ajiye jakar inda hannunta zai kai.

Da asuba, a tashar bas, sanyi na cizon yatsu,
na sa hannu a aljihu neman kati,
na ji ɗan ƙunshi a takardar goge baki.
Ban ci ba.
Tana nan bakin tagata, kusa da carbi,
ta fara bushewa.