Mariƙin Ƙofa

Shekara tara na yi ina koyon taɓa mariƙin ƙofa.
Duk Laraba, a ɗakin Likita Pesenti,
hawa na uku, bayan tashar jirgin Bergamo,
takan aza tsaba a tafin hannuna
ta ce, "Riƙe, Fulvio. Kada ka wanke sai ka isa gida."
Ranar farko a kan matakala na yi amai.
A ta tara na ci burodi cikin bas
da hannun da ya kama ƙarfe,
ban mutu ba.
Na buga wa ƙanwata waya, ta yi ta kuka.

Sai ga annoba.

Rediyo ya ari bakin waswasina:
wanke hannu, kada ka taɓa fuska, ja da baya.
Abin da aka kira ciwona
yau shi ne dokar gari.
Tsohon baƙo ya dawo ba sallama,
ya san inda nake ajiye sabulu,
ya zauna a kujerarsa ta da, yana murmushi:
"Ban faɗa maka ba?"

Ina ƙirga wanki kamar mai bin bashi,
arba'in kafin azahar.
In jiniya ta katse ni, in koma ɗaya.
Fatar yatsuna ta dare kamar gindin tafki a rani,
ruwan famfo na sauka da jirwayen ja.
Wasiƙu na kwana uku a baranda kafin in buɗe.
Ɗaya daga ciki ce ta gaya mini
Likita Pesenti ta rasu ranar Lahadi.

Wa zan tambaya yanzu,
ina iyakar hankali, ina mafarin rami?
Wanda maciji ya sara yana gudun tsumma,
to ni fa, da macijin gaske ya shigo unguwa?

Jiya tsohuwa Ornella, maƙwabciyata,
ta faɗi a bayan ƙofarta.
Na ji ƙarar, na ji nishi.
Na tsaya a dandamali da takunkumi biyu,
safar hannu ta ƙare tun Litinin,
mariƙin tagulla yana kallona.

Ban ƙirga ba.

Ƙugunta ne ya goce, ba zazzaɓi.
Ta riƙe hannuna har masu ɗauka suka iso,
tafinta da ɗumi, da ƙanshin tafarnuwa.

Na koma na wanke, ba zan yi ƙarya ba,
sau goma sha ɗaya.
A na sha biyu na rufe famfo,
na zauna a kan hannuwana
har gari ya waye.