Motocin Baba Tambai

Ranar rabon gadon Baba
an shimfiɗa tabarmi a gindin darbejiya.
Malam Shu'aibu ya ƙirga gona biyu,
bijiman huɗa biyu, amalanke,
buhun gero tara, rediyo mai eriyar waya.
Sai Inna Larai ta fito da akwatin ƙarfe,
ta dire, ta koma ɗaki ba ta ce uffan ba.

Motoci goma sha bakwai.
Babbar cikinsu ba ta cika tafin hannu ba.

Farari jajaye, doki a goshi ya ɗaga ƙafafun gaba,
Lambogini ruwan ɗorawa, ƙofarta na buɗewa sama
kamar fara in za ta tashi,
Masarati shuɗiya mai mashi baki uku,
da wata koriya, ba gilashi, ba taya ɗaya,
Baba ya yanka mata ƙafa daga tsohon silifa.

Shekara ashirin, kowace Lahadi,
yana kai kayan mutane kasuwar Gujungu,
shanu na tafiya, shi yana gyangyaɗi.
In rana ta karkata sai ya tsuguna gaban Ɗan'azumi mai gwanjo,
yana tona 'yartsana marasa kai da takalman yara
har yatsansa ya ji sanyin ƙarfe.
Roba ba ya so.
Ya ce abin da ba shi da nauyi a hannu
ba shi da abin faɗa.

Da dare yakan kifa ta kusa da aci-balbal,
ya ce, Hansai, ke ce 'yar boko, karanto min cikinta.
In haɗa baƙaƙen da ƙyar, ina tuntuɓe,
shi kuma yana share ta da gashin kaza,
yana ɗiga mata man keke da tsinken tsintsiya.

Wani direban tirela ya taɓa gaya masa gudun ta gasken.
Ya lissafa a yatsu, ya ce,
da wannan, kafin kokon uwarku ya huce
na je Gujungu na dawo.
Sai ya yi dariya har da tari:
amma dubi cikinta a ƙasa kamar ƙadangaruwa,
ko kunyar gyaɗa ba za ta haye ba,
balle yashin bayan gari.
Da damina Goje ne zai jawo ta.

Ya taɓa kai wa Goje ɗin har turke,
ya nuna masa bijimin da ke hancin motar:
ga ɗan'uwanka da ya yi arziki a Italiya.
Goje ya shinshina, ya koma kan harawarsa.

Malam Shu'aibu ya gyara tabarau, ya ce nawa za a sa musu?
Yaya Barau ya ce kayan wasa ne, a ba yara.
Magaji ya ce a Kano akwai masu saye da tsada.
Talle bai ce komai ba, yana kallon ja ɗin nan
da aka taɓa zane shi a kanta.

Aka yi lissafi a ƙasa da kara.
Tumuni na Inna, biyu.
Maza uku, huɗu-huɗu.
Ni biyu.
Sha shida cif, kamar Baba ya san fara'ili.

Saura koriya.
Ba wanda ya miƙa hannu.
Malam ya juya ta, ya duba ƙafar silifan,
ya ce wannan kam ba ta Italiya ba ce kuma,
rabinta ƙirar Tambai ce.

Da taro ya watse na tura ta a kan tabarma.
Ta yi gaba kamu biyu,
ta karkata hagu, ta tsaya,
yadda yake shigowa gida
ranar Lahadi bayan magariba,
hannu ɗaya a aljihu, riƙe da wani abu.