Tafin Hannun Baba Kyari

Wata goma sha huɗu ina zubin adashi
kafin kwasata ta zo.
Jika ɗari da tamanin na ƙulle a haɓar zane,
na ce ƙafata ta gaji
da auna Garin Malam zuwa asibiti, safe da dare.

Na biya Zango na ɗauko Baba Kyari.
Shekara talatin yana kwance inji yana ɗaurawa
har ƙara ta cinye masa kunne.
Yanzu da tafin hannu yake ji.

Bayan Kasuwar Dole dillali ya tare mu,
Mutari, mai haƙorin azurfa.
Ya turo wata ja, tana ƙyalli kamar tumatirin rani,
sirdinta ko leda ba a ɓare ba.
"Wata malama ce ta hau ta,
daga gida sai makaranta."
Ni dai zuciyata ta riga ta biya.

Baba bai ji ko kalma ɗaya ba.
Ya durƙusa, ya dafa cikinta, ya ɗago:
"Da ɗumi. An tashe ta kafin mu iso.
Mai lafiya ba a gasa shi don baƙo."
Ya zura yatsa a bututun hayaƙi,
ya fito baƙi, yana maiƙo.
Ya kankare fenti da farce ƙarƙashin wuya,
sai ga walda kamar tabon ƙuna.
Agogo ya ce kilomita dubu tara,
robar taka ƙafa kuwa ta suɗe har ƙarfe.
"Agogo ana saya masa baki," in ji shi,
"wurin da ƙafa ta zauna ba ya rantsuwar ƙarya."

Na bi shi ina waiwaye.

A Birni, cikin lungun da dutse ya matse,
wani tsohon ma'aikacin gidan waya, Malam Zabairu,
ya yaye buhu daga kan tasa.
Launinta ya koɗe, tsakanin toka da ruwan wanki.
Madubi ɗaya. Kaza ta kwana a kwandonta.
Na ce a raina, wannan?

Sanyi ƙalau cikinta.
Baba ya taka sau ɗaya, ta amsa,
ba tari, ba shuɗin hayaƙi.
Ya rufe ido, hannu a kan inji,
kamar yadda nake taɓa jijiyar mara lafiya.
Ya hau ya saki kan, ta miƙe ba karkata.
Ya gwada lambar ƙarfe da ta takarda, harafi harafi.
Malam ya kawo littafi ɗan ƙarami
da ranar kowane juyen mai, da jan biro.

"Birkin baya ya ci, tayar gaba ta tsage,
batir na gab da sallama.
Waɗannan kuɗi na gyara su.
Karyayyen baya ne ba shi da kasuwa."

Jika ɗari da arba'in muka tsaya.
Saura ya tafi ga taya, birki, da hular kwano.
Malam ya shafa sirdin sau biyu
kafin ya miƙo makulli.

Wata bakwai ke nan.
Sau ɗaya ta ba ni kunya,
daren ruwa, a kwarin Karkada, ƙarfe uku,
ana jirana ɗakin haihuwa.
Na kwance buji, na goge da bakin kallabi,
na hura, na mayar, yadda aka koya mini.
Ta tashi a taku na huɗu.

Har yau in ja ta wuce ni, ina kallo,
ba zan ɓoye ba.
Amma kowace asuba, kafin in murɗa,
nakan ɗora tafina a cikinta ina saurare,
ni da kunnena lafiya lau.