Daƙiƙa Huɗu

A Gdansk, ƙarƙashin shagon mai gyaran agogo,
akwai sinimar da ke warin jiƙaƙƙen kwat.
Sha biyun dare, Wieslaw ya yage tikitina:
"Ke kuma? Ba kin ce kin tsane shi ba?"

Na tsane shi mana.
Dodon roba ne, har zif ake gani a bayansa,
jinin kamar miyar tumatir da ta kwana.
'Yan jami'a sun haddace shi kaf,
kafin jarumar ta buɗe baki sun yi mata ihun,
suna jifan allo da gugguru.

Ni mintuna nake ƙirgawa.
A na arba'in da bakwai, bakin tashar jirgin ruwa,
jama'a na gudun ceton rai,
wani mai hular lebura ya waigo.
Babu wanda ya sa shi.
Babana ke nan, da sauran baƙin gashinsa,
ladansa kuɗin burodi biyu.

Daƙiƙa huɗu,
dodon ya haɗiye shi.

Karo na sha tara.
A waje dusar ƙanƙara ta binne titi.
Na ce fim ɗin banza ne.
Wieslaw, yana murɗa makulli,
ya ce zai ajiye mini kujerar gefe.