Faso a Jikin Jita

Ranar Laraba, bayan la'asar,
Yila ya shigo shagona na Jekadafari
da jitar lantarki a kafaɗa, naɗe cikin tsohon zane.
Na ce: Ni mai gyaran rediyo ne,
ba likitan kayan kiɗa ba.
Ya ce: Malam Jibir, duba dai.

Ja ce wur, kamar nunannen gauta,
wuya fari, tsirkiya shida.
Na kai ta bakin ƙofa, na karkata ta ga haske,
sai ga su:
tsaga siri-siri kamar gashin jinjiri,
wasu a miƙe, wasu sun yi rassa,
kamar gaɓar Dadin Kowa in ruwa ya ja baya,
laka ta bushe, ta dare.

Me ya jawo? in ji shi.

Na ce: Katako ba ya gama mutuwa, yaro.
Ko an sare, an fere, an shafe,
in ya ji damina sai ya kumbura,
in ya ji bazara sai ya motse.
Fenti kuwa riga ce, sau ɗaya aka auna ta.
Mai riga ya yi ƙiba, ya rame, ya sake ƙiba,
ɗinki ne zai gaji.

Waɗannan na baya, masu kama da saƙar gizo,
ina kake sa ta in za ku biki?
A but ɗin mota.
Daga ina? Daga Kaltungo.
Da rana tsaka? Ya sosa ƙeya.
To, ta gasu a hanya kamar dankali a toka,
kuka iso otal, kuka zare ta nan take
a ɗakin da na'ura ke hura sanyin firji.
Ko kofin gilas aka yi wa haka, zai amsa.
Da ka bar ta cikin jaka rabin sa'a,
ta huce, ta gaisa da ɗakin tukuna.

Ta gindin wuya kuwa
aikin mai ƙarfin hannu ce,
an ɗaure noti har ya yi ƙara.
Ko kuma tun can inda aka ƙera ta
an lafta fenti kan ɗanyen ice
ranar da mai feshi ke saurin tashi.
Ban sani ba. Ba na wurin.

Saura ɗaya.
A ƙugu, ƙasa da inda hannu ke kwanciya,
tauraro ne: tsaga bakwai daga ɗigo guda.
Na sa farce, na ji ramin.
Na ce: Wannan ba rana ba ce,
ba damina ba, ba noti ba.
Wannan faɗuwa ce.

Yila ya dubi titi.
Sai da mai rake ya wuce da baronsa
sannan ya ce: Ta yayana ce, Lamela.
Muna tsakiyar kiɗa a Billiri
ya ce kansa na juyawa.
Ita ta riga shi kaiwa siminti.
Bana shekara huɗu.

Fanka na ta juyi.
Dalma ta daskare a bakin ƙarfena.

Na ce: Akwai mai fentin mota a Bolari,
zai kankare ta tas, ya fesa sabo,
ka ga fuskarka a jikinta.
Ya ce: Har da tauraron?
Na ce: Har da shi.

Ya ce: Sautin fa, yana yoyo ta nan?
Na jona ta a tsohuwar lasifika,
ikon Allah, ranar akwai wuta.
Ya ja babbar tsirkiya da yatsa ɗaya.
Gwangwanin noti ya yi rawa kan tebur,
mai shayi ya leƙo da ludayi a hannu.

Ko ɗigo bai zube ba.

Ya mayar da zane, ya ƙulle,
ya tambayi kuɗin dubawa.
Na ce: Bar shi.
Ka dai daina sa ta a but.
Ka biya mata kujera,
ko ka ɗora ta a cinya har Kaltungo.